Tagwayen Lambobi: Daga Miliyan 70 Zuwa 246, Sai Katanga

Shekarar 2027 da ta 2029 tagwaye ne. Ba maganar zaɓe nake yi ba, maganar lissafi ce. Ɗauki 2027 ka yi ta gwada raba ta, da 3, da 7, da 11, har ka kai 43, kowane karo sai an bar saura. Haka ma 2029. Lamba irin wannan, wadda ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko da ita kanta, ita ce ɗaliban lissafi ke kira firam, ni kuwa nakan ce mata gagara-rabo. Idan aka sami biyu irinta da tazarar 2 kacal a tsakaninsu, sai a ce tagwaye ne. Rabon da kalandar Miladiyya ta ga irin haka tun 1997 da 1999, kuma daga waɗannan sai 2081 da 2083. A kalandar Hijira ma 1451 da 1453 suna nan tafe.

Firam su ne tubalan da aka gina kowace lamba da su. 60 ita ce 2 sau 2 sau 3 sau 5, kuma ko wa ya rushe ta, tubalan nan huɗu zai samu. Jerinsu ya fara da 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31. Tagwayen cikinsu su ne 3 da 5, 5 da 7, 11 da 13, 17 da 19, 29 da 31, 41 da 43, 59 da 61, 71 da 73. Takwas ke nan kafin a kai 100. Tambayar da ɗan firamare zai iya yi, wadda kuma ta gagari malamai har yau, ita ce ko haihuwar tagwayen nan tana da ranar tsayawa, ko kuwa duk nisan da aka yi a kan layin lambobi za a sake tarar da wasu a gaba. Wani Bafaranshe, Alphonse de Polignac, ya rubuta hasashen a 1849, har ya faɗaɗa shi. Ya ce ba 2 kaɗai ba, kowace lamba cika, 4 ce ko 6 ko 1000, tana fitowa sau ba adadi a matsayin tazara tsakanin firam biyu maƙwabta. Shekara 170 da ɗoriya ke nan, ba a tabbatar da zancen a kan ko lamba ɗaya da za a iya nunawa da yatsa ba.

Masu sha'awar lissafi suna da wata ɗabi'a, da zarar sun ga jeri ɗaya sai su ciro goma daga cikinsa. Neil Sloane ya fara tara irin waɗannan a kan katuna a 1964 yana ɗalibi a jami'ar Cornell ta Amurka, kuma rumbun da ya kafa, OEIS, yau yana ɗauke da jeri fiye da 350,000, kowanne da lambar rajistarsa. Firam su ne A000040. Hassan na kowane tagwaye, wato 3, 5, 11, 17, 29, 41, suna A001359, Husainin kuwa, 5, 7, 13, 19, 31, 43, suna A006512. Akwai jerin lambar da ke kwance a tsakaninsu, 4, 6, 12, 18, 30, 42, 60, 72, 102, 108. Akwai na jimlarsu, akwai na ninkinsu, kuma wanda ya ga dama yana iya jera Gambo, firam ɗin farko da ta biyo bayan kowane tagwaye.

Wanda ya fara wasa da waɗannan jerin sai ya yi ta ganin abubuwan mamaki. Jimlar kowane tagwaye, in ban da 3 da 5, tana rabuwa da 12: 12, 24, 36, 60, 84. Idan ka ninka su ka ƙara 1, sai ka sami lamba sau kanta: 11 sau 13 ya ba da 143, saura ɗaya ya cika 12 sau 12. Idan kuma ka yi ta tara alƙaluman ninkin har su koma guda, 8 za ka samu kullum, in ban da na 3 da 5. 143 ta ba da 8, 323 ta ba da 8, 899 ta ba da 26, ita ma ta koma 8. Na ga mutane da dama sun ɗauki wannan a matsayin wani sirri da suka tono.

Babu sirri, 6 ce take ta sauya riga. Ɗauki kowace lamba uku a jere, ɗaya daga cikinsu dole 3 ta raba ta. Tagwayen biyu firam ne, saboda haka ta tsakiyar ce za ta ɗauki nauyin. Ita ce kuma cika, tunda na gefenta mara ne. Abin da 2 ta raba 3 ma ta raba, 6 za ta raba shi. Ke nan kowane tagwaye bayan 3 da 5 ninkin 6 ne aka cire ɗaya a hagu aka ƙara ɗaya a dama. Jimlarsu ninkin 12 ce don ta tsakiya ce sau biyu. Ninkinsu shi ne ta tsakiya sau kanta ban da ɗaya, wato ninkin 36 ban da ɗaya, shi ya sa idan aka raba da 9 kullum saura 8. Wannan dalilin ne kuma ya sa 3, 5, 7 su kaɗai ne 'yan uku a duk duniyar lambobi, kuma 5 ce kaɗai ta shiga tagwaye biyu. Abin lura shi ne 23 da 25 ma suna da dukkan waɗannan siffofi, alhali 25 ba firam ba ce. Siffar da ɗan gida da baƙo suka yi tarayya a kanta ba ta nuna wane ne ɗan gida.

A ganina nan ne yawancin masu ƙirƙiro jeri suke yaudarar kansu. Kowane jerin da aka gina a kan tagwaye gida ne a filin da ba a ba da takardarsa ba. Kana iya rubuta lambobinsa dubu na farko, amma ba ka da hujjar cewa ba shi da ta ƙarshe, kuma sauya masa kamanni ba ya biyan wannan bashin. Ga misali mai kyau. Raba lambobin tsakiya da 6, sai ka sami 1, 2, 3, 5, 7, 10, 12, 17, 18, 23. An san cewa lamba tana shiga wannan jeri ne idan ba za a iya rubuta ta a matsayin 6ab ± a ± b ba, inda a da b kowaɗanne cikakkun lambobi ne daga 1 zuwa sama. Da ganin haka sai mutum ya ce ai firam sun fita daga zancen, saura ƙaramin aiki. Amma abin da ƙa'idar ke faɗa kawai shi ne lambobin gefen ba sa rabuwa, an dai faɗe shi da wani baki. Haka ƙa'idar da P. A. Clement ya buga a 1949. Ta ce n da n+2 tagwaye ne idan, kuma sai idan, ka ninka duk lambobi daga 1 zuwa n−1, ka ƙara 1, ka ninka sau 4, ka ƙara n, sakamakon ya rabu da n sau n+2. Gwada da 5, za ka sami 105, kuma 35 ta raba ta. Tushenta wata ƙa'ida ce da ake jingina wa John Wilson, duk da cewa Ibnul Haisam na Basra ya san ta ƙarni bakwai kafin shi. Gaskiya ce tsaf, amma ga lamba mai alƙaluma ɗari ninkin ba zai ƙare ba har duniya ta naɗe, kuma ba ta ce uffan a kan yawan tagwayen ba.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne na Yuklid, masanin lissafi na zamanin Girkawa. Shekara kusan 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a Iskandariyya, ya nuna cewa firam ba sa ƙarewa. Ka ce ga su nan duka, to ninka su ka ƙara 1, babu ɗaya a cikinsu da za ta raba sabuwar lambar, saboda haka akwai wata firam da ka manta. Sai mai wayo ya ce to idan na cire 1 ma ai haka ne, ga tagwaye ke nan kyauta. Da farko abin kamar zai yi. 2 sau 3 sau 5 ya ba da 30, ga 29 da 31. Har zuwa 11 ya ba da 2310, ga 2309 da 2311, duka firam. Amma 210 ta ba da 209, wadda take 11 sau 19, kuma 30031 ita ce 59 sau 509. Yuklid bai taɓa cewa sabuwar lambar firam ce ba, cewa ya yi tubalanta sababbi ne. Ga firam guda wannan ya isa, ga tagwaye bai isa ba.

To me ƙidaya ta nuna? Ƙasa da 1000 akwai firam 168 da tagwaye 35. Ƙasa da miliyan ɗaya akwai firam 78,498 da tagwaye 8,169. Duka biyu suna yin ƙaranci, amma tagwaye sun fi saurin shiga daji. Viggo Brun ɗan ƙasar Norwe ya auna wannan ƙarancin a 1919. Tun 1737 Euler ya nuna cewa idan aka yi ta tara ɗaya bisa biyu, ɗaya bisa uku, ɗaya bisa biyar, wato ɗaya bisa kowace firam, haka har abada, jimlar za ta wuce kowace iyaka, ko da yake tafiyar hawainiya take yi, don ko an bi duk firam da ke ƙasa da biliyan sau biliyan ba ta cika 4 ba. Da a ce na tagwaye ma haka take, da magana ta ƙare, tunda jerin da ya tsaya ba zai ba da jimla marar iyaka ba. Brun ya gwada, sai amsa ta fito a karkace: irin wannan jimlar ta tagwaye tana da rufi. An kiyasta ta a kusan 1.902, abin da hujja ta tabbatar kuwa shi ne tana tsakanin 1.83 da 2.35. Wannan bai ce tagwaye suna ƙarewa ba, bai kuma ce ba sa ƙarewa ba. Ya dai toshe ƙofa mafi sauƙi.

Wannan jimlar ce ta taɓa jawo wa kamfanin Intel asara. A 1994 Thomas Nicely, malamin lissafi a kwalejin Lynchburg da ke Virginia, yana ƙoƙarin ƙara mata alƙaluma da kwamfutoci da yawa, sai ya ga sabuwar mai ɗauke da Pentium, ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Intel, tana saɓa wa sauran. Da ya bi diddigi sai ya tarar tana kuskure wajen raba 1 da tagwayen nan 824633702441 da 824633702443. Aibin a cikin ƙwaƙwalwar na'urar yake. Kamfanin ya ware dala miliyan 475 don musanya wa mutane.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba wai kawai ana zaton tagwaye ba sa ƙarewa ba, har an san nawa ya kamata a samu. G. H. Hardy da J. E. Littlewood na Ingila sun ba da lissafin a 1923, kuma tunanin bai fi ƙarfin mai karatu ba. Kusa da miliyan ɗaya, lamba ɗaya cikin 14 ce firam, kusa da biliyan kuwa ɗaya cikin 21. Da ƙuri'a ake jefawa, samun biyu tare kusa da miliyan sai ya zama ɗaya cikin 14 sau 14. Amma lambobin biyu ba baƙin juna ba ne. Idan ta farko mara ce, ta biyu ma mara ce ba tare da wata ƙuri'a ba, wannan ya ninka damar sau biyu. Wajen 3 kuma asara ake yi. Saura uku ne ke yiwuwa idan an raba da 3, wato 0, 1, 2, kuma ɗaya ce kawai ke barin duka biyun su tsira, ɗaya bisa uku ke nan maimakon huɗu bisa tara da ƙuri'a za ta bayar, sai a gyara da uku bisa huɗu. Wajen 5 gyaran 15 bisa 16 ne, wajen 7 kuma 35 bisa 36. Idan aka ninka gyare-gyaren nan duka sai a sami 0.66016, a ninka sau biyu ya zama kusan 1.32. Lissafin ya ce ƙasa da biliyan ɗaya a sa ran tagwaye 3,425,308. Da kwamfuta ta ƙirga, 3,424,506 ta samu. Kuskuren bai kai ɗaya cikin dubu huɗu ba.

Wannan tunanin yana kuma faɗin abin da mutum ba zai zata ba. Firam biyu masu tazarar 6 sun ninka tagwaye yawa, saboda lamba da wadda ta fi ta da 6 saura ɗaya suke bari wajen 3, in ɗaya ta tsira ɗayar ma ta tsira. Ƙirga da kanka ƙasa da 100, daga 5 da 11 har 83 da 89, za ka sami 15, ga tagwaye 8.

Sai dai firam ba ƙuri'a ba ne, kuma ƙidaya komai tsawonta ba hujja ba ce. Makamin da ake da shi na kafa hujja shi ne rariya. Asalinta ta Eratosthenes ce, mutumin Cyrene a Libiya ta yau, wanda ya riƙe ɗakin karatu na Iskandariyya. A zubo lambobi, a tankaɗe ninkin 2, sannan ninkin 3, sannan na 5, abin da ya rage a sama firam ne. Brun ya mai da ita kayan aunawa, na bayansa suka yi ta ƙara mata laushi. Da ita Chen Jingrun na ƙasar Sin ya kai bakin ƙofa. Ya sanar a 1966, ya buga cikakkiyar hujjar a 1973, cewa akwai firam marasa iyaka waɗanda idan aka ƙara musu 2, ko dai a sami firam, ko lamba mai tubali biyu kacal, kamar 23 da 25, ko 31 da 33.

Wannan "ko" ɗin ba kasala ce ta kawo shi ba. Atle Selberg, shi ma ɗan Norwe, ya gano tun 1949 cewa rariya tana da makanta iri ɗaya. Aikinta ƙidaya ne: nawa 3 ke rabawa, nawa 5, nawa 15. Ana iya haɗa tari biyu na lambobi da za su ba ta kusan amsa ɗaya ga duk waɗannan tambayoyi, alhali tari ɗaya duk lambobinsa yawan tubalansu mara ne, ɗayan kuma cika. Firam tubali ɗaya gare ta, wato mara, saboda haka tari na biyu babu firam ko guda a ciki, amma rariya ba ta ga bambanci ba. Ba ta iya wasan mara ko cika ba. Shi ya sa Chen ya tsaya a kan "ɗaya ko biyu".

Da ƙofar gaba ta ƙi buɗuwa sai aka zagaya. A bar 2 tukuna, shin akwai wata tazara, ko nawa ce, da firam ke maimaitawa har abada? Wannan ma ba ƙaramar tambaya ba ce, don matsakaiciyar tazara tana ta faɗaɗa ba iyaka. A 2005 Daniel Goldston, János Pintz da Cem Yıldırım suka kawo dabarar da nake kwatantawa da matsefi. Ka sami matsefi mai haƙora da yawa, ka yi ta jan sa a kan layin lambobi, kana neman wuraren da haƙora biyu za su sauka a kan firam lokaci ɗaya. Idan hakan na faruwa sau ba adadi, to tazarar ba ta wuce faɗin matsefin ba. Ba kowane matsefi ne ke aiki ba, mai haƙora a 0, 2, 4 kullum ɗaya zai faɗa kan ninkin 3, amma 0, 2, 6 lafiya lau. Dabarar tana bukatar sanin yadda firam suke rarrabuwa daidai-wa-daida tsakanin saura daban-daban. Abin da Bombieri da Vinogradov suka tabbatar a 1965 ya kai su daidai bakin layi, saura ƙiris a haye, kuma masana da yawa sun gwada sun haƙura.

Wanda ya haye ba a san shi ba. Yitang Zhang ya gama digirin digirgir a Purdue a 1991, bai sami aikin jami'a ba, ya yi shekaru yana 'yan ayyuka har da na shagon abinci na Subway, sai a 1999 ya sami koyarwa a jami'ar New Hampshire. Ranar 17 ga Afrilu 2013, yana da shekara 58, ya aika wa mujallar Annals of Mathematics takarda, cikin 'yan makonni masu tantancewa suka ce daidai ne. Matsefinsa haƙora miliyan uku da rabi gare shi, faɗinsa bai kai miliyan 70 ba. Lambar ta yi girma har ta ba da dariya, amma tsakanin "babu iyakar da aka sani" da "miliyan 70" shi ne babban ƙetaren.

Daga nan aka shiga rige-rige. Terence Tao ya jagoranci wani aikin gayya a intanet mai suna Polymath8, kafin ƙarshen Yulin shekarar an sauko zuwa 4,680. A Nuwamba James Maynard, matashi ɗan Ingila da bai daɗe da gama karatu a Oxford ba, ya fito da wata rariya dabam wadda ba ta ma bukatar ƙetaren Zhang, ya kai 600 da haƙora 105. Wannan yana cikin ayyukan da suka sa aka ba shi babbar lambar yabo ta lissafi, wato Fields, a 2022. Da aka haɗa hannu da shi, a Afrilu 2014 aka rage haƙoran zuwa 50, kuma matsefi mafi ƙanƙanta mai haƙora 50 da ke aiki faɗinsa 246 ne. Ma'anarsa, a cikin lambobi cika daga 2 zuwa 246 akwai aƙalla ɗaya da hasashen Polignac ya tabbata a kanta, amma hujjar ba ta faɗi wacce ba.

Mutane sukan ce wanda ya sauko daga miliyan 70 zuwa 246 cikin shekara ɗaya ai 2 ba za ta gagare shi ba. Ban yarda ba, kuma masu aikin da kansu sun faɗi dalili. Ko an ba su kyautar hasashen Elliott da Halberstam, wanda ya ce firam suna rarrabuwa daidai iyakar yadda ake fata, 12 za su kai. Idan aka ba su faɗaɗɗen nau'insa sai su kai 6, wato matsefi mai haƙora 0, 2, 6, inda biyu cikin uku suke firam, tazarar ta zama 2 ko 4 ko 6. Sun kuma nuna cewa daga nan rariya ba ta gaba, makantar da Selberg ya gano ce ke tsaye a wurin. Saukowa daga 246 aikin gyaran makami ne, tsallake 6 kuwa sai da makamin da ba a ƙera ba tukuna.

An taɓa fasa katangar a wata duniya mai kama da tamu. A 2019 Will Sawin da Mark Shusterman suka tabbatar da hasashen tagwaye a inda ake amfani da jimlolin aljabara irin su x² + 1 a madadin lambobi, a kan wasu tsare-tsaren lissafi masu ƙayyadaddun lambobi. A can akwai dabarun joometiri da ke iya gane mara da cika, waɗanda ba su da takwara a wajen 11 da 13.

Masu farauta dai ba su jira hujja ba. A Satumba 2016 aikin gayya na PrimeGrid, inda 'yan sa-kai ke ba da aron kwamfutocinsu, ya gano tagwaye mafi girma da aka sani: a ninka 2 da kanta sau 1,290,000, a ninka sakamakon da 2,996,863,034,895, sannan a cire 1 ko a ƙara 1. Tara alƙaluman lambar nan ta biyu, 72 za ka samu, 3 ta raba ta, ga 6 ɗinmu nan a tsakiya kamar yadda take tsakanin 5 da 7. Kowanne cikin tagwayen alƙaluma 388,342 gare shi. Idan za a buga su a littafi, alƙaluma 3,000 a kowane shafi, kowanne sai ya ci shafi kusan 130, kuma littattafan biyu ba za su saɓa ba sai a alƙaluma biyu na ƙarshe.